Ta Bakwai Ba Asabe Ba Ce

Mahaifin Hauwa yana da 'ya'ya mata bakwai. Ta fari Ladi, mai bi mata Altine, sai Talatu, sai Balaraba, sai Lami, sai Jummai. Wace ce ta bakwai?

Shekara da shekaru ina yi wa ɗalibaina na ajin ƙarshe na sakandare wannan tambaya. Na yi ta a teburin mai shayi kusa da Kasuwar Wunti, inda muke zama bayan isha'i, na kuma yi wa abokan aikina malamai, har da masu digiri biyu. Kusan ko'ina amsa ɗaya ce, kuma takan fito tun ban rufe baki ba: Asabe. In na yi shiru ban ce e ba, sai a shiga kallon-kallo. Can sai wani ya ce, "Malam, maimaita mana." Ina cewa "Mahaifin Hauwa", sai ka ji an buga cinya an kwashe da dariya. Amsar tana zaune a kalma ta biyu ta tambayar. Kowa ya ji ta da kunnensa, ba wanda ya riƙe ta.

Abin da ya sa na daɗe ina juya wannan ɗan al'amari a raina shi ne, masu faɗawa ramin ba dolaye ba ne. Hasali ma wanda ya fi sanin sunayen ranaku shi ya fi saurin faɗawa. Yaron da bai san Ladi ta Lahadi ce, Lami ta Alhamis ba, babu abin da zai ja shi zuwa Asabe. Tun daga kan Talatu ƙwaƙwalwa ta gane jerin, ta sheƙa a guje ta je ƙarshen mako ta zauna tana jira, ta bar kunne a baya shi kaɗai. Sanin mutum ne aka ɗana masa tarko da shi.

Mu da muka tashi a cikin ganuwar Bauchi ba da irin wannan muka fara ba. A gidanmu na Jahun, in an ci tuwon dare an kwashe kwanuka, kakarmu, da muke kira Dada, takan sa a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Sai ta ce, "Ƙulin ƙulifita." Mu ce, "Gauta!" An buɗe fage ke nan. Daga nan sai su riƙa zubowa: Baba na ɗaka, gemu na waje. Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Uku-uku ta gama gari. Iya ta zaga, Baba ya zaga, ba su haɗu ba. Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba. Wanda ya sani ya faɗa: wuta da hayaƙi, tsintsiya, murhu, kunnuwa, yunwa. In ta kawo wanda ya gagare mu, muka yi ta harbin iska har muka gaji, sai ta ce, "To, ku ba ni gari." Mu ce mun ba ki Dass. Ta ce ba ta hawan dutse da tsufanta. Mu ce mun ba ki Azare. Ta ɗan yi jim, ta ce a ƙara. Sai mun kai ta Kano, wani lokaci har Makka, sannan ta karɓa, ta ba da labarin abin da ta ci da abin da ta sayo a can, kana ta faɗi amsar. Ban taɓa kwana da kacici-kacicin da ba a warware mini ba, ban kuma taɓa jin zafin kasawa ba, don kasawar ma wasa ce mai daɗinta.

Kacici-kacici irin na Dada aikin ido ne. Yana ɗaukar abin da kake gani kullum ya sa masa rigar wani, ya ce ka gane shi. Wanda ya taɓa tsayawa da asuba ya ga hayaƙi yana tsattsafowa ta jinkar madafi, fari, yana lilo kamar furfura, shi zai gane gemun Baba. Shi ya sa kacici-kacici ke tsufa tare da kayan da aka gina shi a kansu. Ɗan da ya tashi a gidan da ake girki da gas bai san duwatsun murhu uku ne ba, don haka "uku-uku ta gama gari" a wurinsa hadda ce kawai, ba gani ba.

Tambayar Hauwa wata halitta ce daban, ko da yake yau duk mun haɗa su a kwando ɗaya muna kira wasa ƙwaƙwalwa. Ita ba ta ɓoye kome ba. Ba ta buƙatar ka san duniya, abin da take nema shi ne ka saurari jimlar da aka faɗa maka, ita ɗin, ba wadda ka zaci za a faɗa ba. Na fi son in kira irinta tambayar tarko. Kuma a ganina, a wannan zamani da rabin rayuwarmu ke zuwa mana a rubuce ta fuskar waya, ta fi ƙarfin a bar ta a matsayin abin nishaɗi.

Tarkon ba iri ɗaya ba ne. Na Hauwa jan jeri ne. Akwai kuma wanda ake cusa ƙarya a gindin tambaya, a ɗora abin da ake tambaya a kanta. Zakaranka ya hau katangar da ta raba gidanka da na maƙwabcinka ya yi ƙwai, ƙwan na wane ne? Na ga dattawa biyu sun kusa ɓatawa a kan wannan, ɗaya yana cewa na mai zakara ne, ɗaya yana cewa a duba wanda ya gina katangar. Gardamar haƙƙi ta yi musu daɗi har ba wanda ya waiwaya ya ga cewa zakara ba ya ƙwai. Mafi kaifi a wannan jinsi ita ce wadda wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Erickson da Mattson, suka gwada a Amurka a 1981: dabbobi nawa-nawa daga kowane jinsi Annabi Musa ya shigar cikin jirgi? Mafi yawan waɗanda aka tambaya suka ce bibbiyu, alhali da aka bincike su daga baya sun san sarai jirgin na Annabi Nuhu ne. Na gwada ta a kan yaran da suka sauke Alƙur'ani, waɗanda za su karanto maka ayar daga Suratu Hud ba gargada, kuma da yawansu bibbiyu suka ce. Masu binciken sun lura da wani abu: in aka cire sunan Annabi Musa aka sa na wani ɗan siyasa, mutane ba sa faɗawa. Wato kunne yana gadi, amma gadin mai gyangyaɗi. Baƙon da bai yi kama da 'yan gida ba za a tare shi a zaure. Wanda ya zo da kamannin gida, annabi a gurbin annabi, kowannensu da ƙissar ruwa, sai ya wuce har tsakar gida ba wanda ya ce masa daga ina.

Wanda ya gane wannan ya gane yadda ɗan damfara ke aiki. Saƙo ya shigo wayar wata gwaggona cewa tunda an rufe asusunta na banki, ta zaɓa: ko ta je ofis ta bi layi, ko ta turo lambobin katinta a buɗe mata nan take. Ta kira ni tana tambaya wanne ya fi sauƙi. Duk tunaninta ya tafi kan zaɓin, kamar dattawan nan da katanga. Kalmar "tunda" ita ce zakaran da ya yi ƙwai. Na ce, "Gwaggo, wa ya ce miki an rufe?" Ta yi shiru. Muka je wurin mai POS na bakin layi ta cire dubu biyu lafiya lau.

Sai tarko na lissafi, wanda ya fi ba ni sha'awa don ba a yi ƙarya ko ɗaya a cikinsa. Littafi da biro kuɗinsu naira 1,100. Littafin ya fi biron da naira 1,000. Nawa ne biro? Ɗari ce ke tsalle ta fito baki. Amma in biro ɗari ne, littafi 1,100 ke nan, jimla ta zama 1,200. Biro hamsin ne, littafi 1,050. Wani masani mai suna Shane Frederick ya wallafa irin wannan tambaya da wasu biyu a 2005, bayan ya gwada su a kan mutum fiye da 3,000, galibinsu ɗaliban jami'o'in Amurka. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba su ci ko ɗaya daga cikin ukun ba. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu na firamare ba. Abin da ake aunawa shi ne ko mutum zai tsaya ya tuhumi amsar da ta zo masa a banza, ba tare da ya yi mata gumi ba. Daniel Kahneman, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2002, ya bayyana shi da cewa tunani biyu ne a kanmu, mai gaggawa da mai nawa, kuma mai nawan malalaci ne, yakan sa hannu a duk takardar da mai gaggawa ya miƙo masa ba tare da ya karanta ba.

Wanda na ga ya ci wannan tambaya a karon farko ba ɗan boko ba ne. Wani mai sayar da albasa ne a Kasuwar Muda Lawal, abokin kawuna. Da na faɗa masa bai ce uffan ba. Ya zaro kuɗi daga aljihun gaba, ya ajiye dubu ɗaya gefe guda a kan buhu ya ce, "Wannan ta fifiko ce, ta littafi." Ya riƙe ɗarin da ta rage ya ce, "Wannan kuma ta su biyu ce, a raba." Ya ɗago ya ce, "Hamsin, Malam." Mutumin da ya saba rabon riba da abokin haɗin jari ya san inda ake cuta, don haka hannunsa ba ya yarda da abin da bakinsa ke son faɗa.

Ɗaya daga cikin sauran biyun na Frederick, in aka mai da ita gida, ga ta: kainuwa ta fito a kududdufi, kullum tana ninka kanta, ta rufe ruwan duka a kwana 48. A kwana nawa ta rufe rabi? Baki ya ce 24. Amsar 47 ce, don daga rabi zuwa cika ninki ɗaya ne. Kanmu bai iya hango abin da ke ninkuwa ba, yana ɗaukar kome kamar tafiyar ƙafa, taki bayan taki. Duk wanda ya ga yadda MMM ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, har ta daskarar da kuɗinsu a Disambar 2016, ko ya ga yadda bashin manhajar waya ke kumbura, ya san wannan raunin ba a kududdufi ya tsaya ba.

Akwai wani ɓangare da ban cika jin ana magana a kansa ba, wato rabon da harshen kansa yake da shi a tarkon. Kowane harshe da inda yake da duhu. Akwai wata tambaya da ta shahara a ƙasashen Turai: uba da ɗa sun yi haɗarin mota, uban ya rasu nan take, aka kai yaron asibiti, likita na ganinsa sai cewa, wannan ɗana ne. Ta yaya? Likitar uwarsa ce. A Turanci tana kama mutane sosai, don kana iya ba da labarin likita ba ka nuna mace ce ko namiji ba. Da Hausa sai ka yi da gaske. Da ka ce "likita ya ce" ka yi ƙarya, da ka ce "ta ce" ka tona asiri. Dole ka bi ta bayan gida kamar yadda na yi a sama, kuma mai kunne yana jin ka kauce zai san akwai abin da kake ɓoyewa. Hausa ta toshe wannan kafa.

Amma ta buɗe wata, kuma babba ce. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. "Ya zo" a takarda yana iya zama labarin ya riga ya iso, yana iya zama umarnin a ce masa ya taho. A baki ba mai ruɗewa, murya ta raba gardama. A rubuce kuwa mai karatu ne ke sa muryar da kansa, kuma yakan sa wadda zuciyarsa ta riga ta tanada. Sai waya ta zo ta ƙara dagula lissafi: ba mai sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, ba mai raba kalma. A zauren WhatsApp na danginmu an taɓa tara gudummawa don wata 'yar'uwa da ta haihu, aka damƙa wa wani ƙanenmu ya kai. Washegari wani ya rubuta, "ya bata kudin." Wata yayarmu, wadda dama tana da ƙorafi a kan yaron, ta karanta "ya ɓata kuɗin". Kafin azahar an yi saƙon murya ya fi ashirin, an tono laifin shekara biyar. Marubucin "ya ba ta kuɗin" yake nufi. Ba wanda ya ɗana tarko a nan, rubutun ne ya zama tarko da kansa, ita kuma ta amsa tambayar da ke ranta. Duk Bahaushen da ke karatu a waya, ko ya sani ko bai sani ba, kullum cikin warware irin tambayar Hauwa yake.

Malaman zaure sun riga mu sanin darajar wannan fanni. A cikin Sahihul Bukhari, a Littafin Ilimi, akwai babi a kan shugaba ya jefa wa mutanensa tambaya don ya gwada saninsu. A nan ne hadisin Abdullahi ɗan Umar ya zo, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, kuma misalinta kamar Musulmi ne. Mutane suka bazama cikin itatuwan daji. Ɗan Umar ya ce dabino ya faɗo masa a rai, amma kunya ta hana shi magana saboda ƙuruciyarsa a cikin manya. Da suka kasa suka nemi a faɗa musu, aka ce dabino ce. Daga baya da ya gaya wa mahaifinsa, Sayyidina Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Abu biyu nake gani a nan da na sani a ajina. Manya sun tafi nesa neman abin da ke tsakar gidansu, don Madina garin dabino ce. Yaro kuma ya sani ya yi shiru. A nan Bauchi, inda kunyar Hausa ta haɗu da ta Fulani, yaran da suka gano amsa suka haɗiye ta sun fi waɗanda suka faɗa yawa.

Daga baya tambayoyin fiƙihu masu tarko suka zama fanni mai zaman kansa, har Ibn Farhun, malamin Malikiyya na Madina, ya tara su a littafi guda. Wanda ya yi karatun Muƙama, littafin nan na adabin Larabci, a zaure kuwa ya san wadda Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, ya kawo a kan gado. Mutum ya rasu ya bar mata, ya bar ɗan'uwa shaƙiƙi, Musulmi, ɗa ba bawa ba, babu abin da ya hana shi gado. Matar ta ɗauki rabonta, sauran dukiyar duka ɗan'uwan matar ya kwashe, shaƙiƙin mamaci bai sami ko anini ba, kuma shari'a ce ta hukunta haka. Duk wanda ya ji sai ya ce an yi zalunci, yaushe ƙanin mata ya zama magaji? Warwarar ita ce: mamacin yana da ɗa daga wata matar, ɗan ya auri uwar matar ubansa, wanda halal ne, suka haifi yaro, sannan ɗan ya riga ubansa rasuwa. Wannan yaro ɗan'uwan matar ne ta wajen uwa, kuma jikan mamaci ne ta wajen ɗa namiji. Matar ta karɓi tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, jika ya kwashe saura, ya kange ɗan'uwa. Dubi yadda aka gina ta. Ba a faɗi ƙarya ko ɗaya ba. An kira yaron da sunan dangantakarsa da matar, aka yi shiru a kan dangantakarsa da mamaci, mai sauraro da kansa ya yanke cewa mutum ɗaya ba ya zama abu biyu. Ɗalibin da ya sha wannan ba zai ƙara raba gado ba sai ya tambayi kowane mutum ta kowace fuska ya haɗu da mamaci. Kuma malaman nan da suka raya fannin su ne suka ƙi jinin tambayar da ake shiryawa don kawai a tuntsurar da malami a gaban jama'a.

Wannan bambanci shi ne inda na tsaya da ƙafa biyu. Tambayar tarko mai adalci tana da alama ɗaya: in an faɗi amsar, kana iya komawa kan kalmomin ka gan ta a zaune tun farko. Mai tambaya ba shi da ikon canza ta. Marar adalci kuwa amsa biyu mai ita ke riƙe da su a aljihu, yana jiran ya ga wadda ka zaɓa ya fito da ɗayar. Tsuntsaye goma a kan bishiya, an harbi ɗaya, saura nawa? Ka ce tara, a ce sauran sun tashi. Ka ce babu, a ce lissafi aka tambaye ka. Muna aji biyar a firamare wani malami ya yi mana ita da dorina a hannu, ya bi layi. Masu tara suka sha, masu babu suka sha. Abin da na koya a ranar shi ne in malami ya yi tambaya yana murmushi, in sunkuyar da kai. Na ɗauki shekaru kafin in warke daga wannan darasi, kuma na san abokan da ba su warke ba.

Irin wannan dorina ce nake gani yanzu a bidiyoyin da samari ke ɗauka a kasuwa da tasha. A tare dattijo mai tura baro, ko yarinya mai tallan gyaɗa, a cusa musu makirfo, a jefa musu tambaya a tsaye cikin rana, da Hausa mai gauraye da Turanci, su amsa a ruɗe, a ɗora a TikTok da sautin dariya. Wanda aka tambaya sau da yawa ba ya ma jin amsar, an riga an juya an nufi wani. Jikokinsa ne za su gani a waya. Abin yana ƙona mini rai, don an ɗauki kayan koyarwa an mai da shi abin tozarci, kuma masu kallo ma ba abin da suka ƙaru da shi, tunda an rubuta musu amsar a ƙasan hoto kafin su yi tunani. Dada ba ta taɓa yi mana dariyar rashin sani ba. Ta karɓi gari, ta biya da amsa, aka tashi ba mai bin wani bashi.

Dalilin da ya sa ban bar abin ga masu bidiyo ba shi ne jarrabawa. Tun 2015 JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace ɗaya. Yaro daga Darazo ko Ningi, wanda wataƙila bai fi sau uku ya taɓa linzamin kwamfuta ba, yana karatu cikin harshen da ba nasa ba, agogo na ƙirga masa a saman fuskar na'ura. Cikin tambayoyin akwai masu cewa duk waɗannan haka ne ban da ɗaya, akwai masu neman kishiyar kalma bayan an jero masu neman makusanciyarta. Kuma cikin zaɓi huɗun galibi an ajiye amsar mai gaggawa tana jira, kamar Asabe. In na zauna da ɗalibi muka bi gwajin da ya faɗi, na rufe zaɓin da hannu na ce ya karanta tambayar da ƙarfi, sau da yawa kafin ya kai ƙarshe zai dafe kai ya ce, "Wallahi Malam na sani." Gaskiya ya faɗa, ya sani. Jarrabawar tana neman sauri tana kuma hukunta gaggawa, kuma ba a koya wa yaranmu bambancin su biyun. Tun daga firamare abin da muke yabo shi ne hannun da ya riga tashi. Mun manta da cewa sauri kan haifi nawa.

Don haka na mai da minti biyar na farkon darasin Juma'a na tambayar tarko, da sharuɗɗan da na aro daga tabarmar Dada. Ina rubuta ta a allo, ba na faɗa da baki kawai, don ido nake son ya koyi tsayawa. Ba mai ɗaga hannu sai an yi minti ɗaya cur, kowa ya rubuta amsarsa a takarda, saboda irin su ɗan Umar da ke bayan aji. Wanda ya ci sai ya fito ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta kama sauran. In duk aji ya kasa, su ba ni gari in faɗa. An ba ni Alkaleri, an ba ni Toro, an ba ni ruwan Wikki na Yankari sau ba adadi. Wanda ya kawo tambaya mai amsa biyu a aljihu kuwa, shi ke ba da gari.

A zangon da ya wuce na rubuta wa sabon aji tambayar Hauwa. Aka yi yadda aka saba, Asabe ta cika takardu, mutum huɗu suka rubuta Hauwa, aka yi dariya. Ina shirin goge allo sai wata yarinya daga layin ƙarshe, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, ta ɗaga hannu rabi. Takardarta babu kome a kai. Ta ce, "Malam, Allah ya gafarta, ni ban rubuta ba ne don ban tabbata ba. Ladi da Jummai ai ba sunan yanka ba ne, laƙabin rana ne. Yayata Jummai ake ce mata, amma sunanta na yanka daban. To in Hauwa ita ce Jummai fa? Ko ita ce Lami? Ka ga ta bakwai ba a faɗe ta ba ke nan. Tana ma iya zama Asaben."

Ajin ya yi tsit. Na juya na sake karanta abin da na rubuta da hannuna, kalma bayan kalma, kamar yadda nake ce musu su yi. Babu inda jimlar ta hana abin da ta faɗa. Shekara nawa ina yawo da tambayar nan a tsakanin malamai da 'yan kasuwa, ba wanda ya taɓa shiga ta wannan ƙofa. Na ce mata ta yi gaskiya, na ɗauki alli na ƙara a ƙasa cewa kowace ɗiya sunanta ɗaya tak, kuma da wannan ƙari nake yin ta har yau. Sannan na ce bisa sharaɗinmu ni ke da bashin gari, ta zaɓa. Ta rufe fuska da gefen hijabi, ta ce a ba ta Misau, can kakarta take.